Gayyar da Muka Yi wa Tafkin Chadi

Shekarun baya, tun babbar 'yata ba ta shiga sakandare ba, wani abu ya faru a layinmu wanda har yau da an haɗa hadari yake dawo min. Jiya wata ƙawata ta gan ni a ƙarshen layi da tsintsiya cikin yayyafi ina share ganye, ta tsayar da mota ta ce, "Ke kuma council ce ta ɗauke ki aiki ba mu sani ba?" Na yi dariya na ce bari in rubuto muku dalilin, kowa ya huta da tambaya.

Layinmu ɗan gajere ne a nan Tottenham, gidaje jere hagu da dama, ya gangara ƙasa ya ƙare babu ɓullewa. Lokacin da maigidana zai sayi gidan, mun ga ya fi na sauran layuka sauƙi. Lauya ma ya faɗa mana dalili, ya ce titin ba na council, wato ƙaramar hukuma, ba ne, na masu gidajen ne. Mu kuwa sai daɗi ya ƙaru, wai har titi gare mu a Landan. Sai da muka tare muka gane abin da bawan Allah yake nufi. Titin da ba na council ba, babu mai gyara shi. Ramuka ne tun daga sama har ƙasa. Motar shara ba ta shigowa, sai dai mu tura bola zuwa bakin babban titi. In ina tura keken jariri kuwa, yarinyar da ta yi barci a gida sai ta farka kafin mu fita layi.

Ramin da ya fi kowanne girma yana can ƙarshen gangaren. Duk ruwan layin a nan yake taruwa. Yarana ne suka sa masa suna Tafkin Chadi, bayan babansu ya nuna musu taswirar gida. Ruwan yakan daɗe a kwance, amma a hankali a hankali yana tsotsewa. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

A bakin Tafkin Chadin nan gidan Mma yake. Tsohuwa ce 'yar zangon Kumasi ta Ghana, ta riga kusan kowa zuwa layin. Mijinta ya rasu tun kafin mu zo, ɗanta ɗaya tilo yana can garin Milton Keynes da iyalinsa. Mma a bakinsu uwa ke nan, kuma haka kowa yake kiranta, har tsohon Baturen da muke katanga ɗaya da shi. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu.

Ranar da aka sallamo ni daga asibiti da haihuwar fari, ban san kowa a ƙasar nan ba. Mahaifiyata ba ta samu zuwa ba, maigidana ya koma aiki. Ina zaune ina kuka, jaririya tana nata, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na ga tsohuwa da bokiti da ƙunshin busasshen ganyen darbejiya, Allah kaɗai ya san inda ta samo shi.

"Ɗiya na, maza ka cire riga," in ji ta. "Wa zai gasa ka in ban gasa ka ba?"

Haka ta riƙa hawo gangaren nan safe da yamma tana min wankan jego da ruwan butar lantarki, har na yi arba'in. Duk haihuwar da na yi bayan nan, ita ce. Don haka in na ce Mma, ku san ba maƙwabciya kawai nake nufi ba.

To, wata safiya sai ga mutum biyu da rigunan nan masu ƙyalli, ɗaya yana tura wata 'yar taya mai sanda da ake auna tsawo da ita. Ina taga ina kallo. A gaban gidanmu bai daɗe ba ya wuce. Haka gida bayan gida. Da ya kai na Mma sai ya tura ya wuce gaban gidan, ya sha kwana, ya bi katangar lambunta ta gefe, yana tafiya yana tafiya, domin gidanta ne na ƙarshe kuma titin ya zagaye shi ta gaba da ta gefe. Ban san me ake aunawa ba. A raina ina cewa, bawan Allah ka tsaya haka mana.

Da yamma maigidana ya yi min bayani. Council za ta tone titin gaba ɗaya ta yi sabo, da lambatu da fitilu, daga nan ya zama nata har abada. Amma kuɗin aikin masu gidaje ne za su biya, kowa daidai tsawon gidansa a jikin titi. Namu da nauyi, amma za a iya. Na Mma ya ninka na kowa saboda katangar nan ta gefe, wadda ko ƙofa babu a jikinta.

An ce ana iya biya kaɗan-kaɗan, amma da kuɗin ruwa a kai. Da na kai mata wannan labarin sai ta dube ni ta ce, "Ni da ƙafa ɗaya a kabari zan ɗauki bashin ruwa? In je in ce wa Allah me, hanya na gyara?"

Ran Lahadi na kai mata kunu na tarar da ɗanta ya zo. Mutum ne mai kirki, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Ina kicin ina juye kunun nake jin su.

"Mma, be reasonable. Gidan nan ya yi girma. A sayar, a sallami council daga ciki, ga ɗaki can wurinmu a ƙasa, babu hawa bene."

"Can wa zan gaisar?"

"Jikoki suna nan."

"Jikoki da ba su jin Hausa? Hello Grandma, bye Grandma. Ni ba ni zuwa ko'ina."

"In bill ɗin ya zo, Mma, ba zancen so ba ne kuma."

Maganar nan ita ta biyo ni gida.

Daga ranar na rasa zama. In ɗora tukunya in manta, in ɗauki tsintsiya in tsaya da ita a tsakiyar falo ina kallon bango. In na tayar da sallah sai in tsinci kaina ina auna katangar Mma a zuciya, ban san raka'a nawa na yi ba, ƙabli da ba'adi dai na sha su a makonnin nan. Kullum sai na leƙa taga na ga ko labulenta a buɗe yake. Na dami maigidana da magana ɗaya safe da dare: ba yadda za a yi? Ba wanda ka sani? Har ya fara cewa, "Ummansu, ki bari in haɗiye lomar nan tukuna."

Wata rana muna cin abinci sai ya ajiye cokali, idonsa ya yi haske.

"Wai su council ɗin nan, ba don titin ya lalace suke son tone shi ba?"

Na ce haka ne.

"To in suka dawo dubawa suka tarar da shi sumul fa? Mu a unguwarmu in damina ta ci hanya, wa yake jiran gwamnati? Gayya ake kira. Kowa ya fito da sheburinsa, mata su yi tuwo, kafin la'asar an gama."

Ku fahimce ni, maigidana a ɗakin gwajin jini yake aiki a asibiti. A gidan nan ko ƙusa bai taɓa bugawa ta shiga daidai ba. Matar da ta san haka kamata ya yi ta ce a tambayi masu sana'ar. Ni kuwa da nake neman kowace irin ƙofa, sai na ce, "Ni zan yi tuwon."

Ya bi gida-gida yana bayanin gayya da Turanci. Akwai Turkawa a layin, akwai wata baiwar Allah 'yar Jamaika da 'ya'yanta maza, akwai 'yan Ghana gida biyu waɗanda ba su buƙaci bayani ba. Tsohon Baturen nan maƙwabcinmu, direban bas ne da ya yi ritaya, ya saurara da kyau sannan ya ce, "So nobody gets paid, but everybody gets fed?" Aka ce masa haka ne. Ya ce a sa sunansa a farko.

Wata Asabar aka yi. An sayo kwalta ta buhu, irin wadda ba a dafawa, da tsakuwa, maigidana ya yi booking ɗin injin daɓe, aka aro baro. 'Yan'uwa, ban taɓa ganin layinmu ya yi daɗi kamar ranar ba. Mutanen da shekara da shekaru ɗaga hannu kawai muke yi wa juna, ga su suna miƙa wa juna shebur. Na yi tuwon shinkafa miyar taushe. Mma ta dafa waakye, shinkafa da wakensu mai ja, da yajin nan nasu baƙi da ya sa Bature hawaye yana neman ƙari. Aka fito mata da kujera bakin ƙofa, ta zauna da carbinta tana ba da umarni.

"Kai likita," haka take kiran maigidana duk da ya sha gaya mata shi ba likita ba ne, "riƙe shebur kamar namiji, ba allura ba ne!"

Tafkin Chadi aka bari na ƙarshe. Suka kwashe ruwan da bokitai. Da suka kai ƙasa, cikin laka, sai ga wani tsohon murfin ƙarfe mai tsaga-tsaga, ya yi tsatsa, ƙasa ta cike shi. Bature ya tsokane shi da sanda ya ce wannan ya mutu tun kafin gashin kansa ya zube. Maigidana ya ce gaskiya ne, in da yana aiki ai da ruwa bai riƙa taruwa ba. Kowa ya gyaɗa kai. Ina tsaye da faranti a hannu, na ga sauran ruwan yana zurarawa ta tsaga ɗaya a gefe, siriri kamar zare. Na gani da idona. Amma a daidai lokacin aka ce min miya tana kamu, na juya da gudu.

Suka zuba tsakuwa, suka zuba kwalta, suka daɓe. Wurin ya yi sumul har bakin dokin ƙofar Mma. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Mma ta ɗaga hannu ta yi addu'a doguwa, har Turkawa suna amin. Ranar na yi sallar magariba da natsuwar da na daɗe ban samu ba.

Ba a jima ba, wata Juma'a da rana, maza sun tafi masallaci, yara suna makaranta, sai sama ta buɗe. Ba yayyafin Landan da kuka sani ba, ruwa irin na Agusta a gida. Na tsaya a taga ina sha'awar aikinmu. Babu rami ko ɗaya da ya tare ruwa, yana gudu a kan titi kamar a kan faranti, duk ya nufi ƙasa. Har na ɗauki waya zan yi wa maigidana bidiyo. Sai wani abu ya ce min, to ina yake zuwa?

Ban san lokacin da na zura hijabi ba. Da silifas na fita, ɗaya ma ya tsinke a hanya na bar shi.

Tafkin Chadi ya tashi daga titi ya koma gidan Mma. Ruwan yana shiga ta ƙarƙashin ƙofa kamar an gayyace shi. Na tura ƙofar da ƙyar. Ga ta tsaye a tsakiyar hanyar shiga falo, ruwa ya wuce idon sawunta, takalma suna yawo a gefenta, ita kuma ta ɗora wani tsohon akwati a ka ta riƙe da hannu biyu kamar mai talla a kasuwa.

"Mma! Ajiye akwatin nan ki hau matakala!"

"Kafet ya tafi, ya tafi. Telebijin ya tafi, ya tafi. Wannan ba ya tafi."

"Mene ne a ciki da ya fi ƙafafunki?"

"Likkafani na. Da zamzam na wanke shi a Makka da hannu na."

Saboda ciwon gwiwa ta daɗe da dawo da gadonta ƙasa, akwatin kuma a ƙarƙashin gadon yake. Tsohuwar da sai an kama ta take tashi daga kujera, ita ce ta durƙusa cikin ruwa ta jawo shi. Na karɓa na ɗora a kaina, na riƙe ta da hannu ɗaya muka hau 'yan matakalu muka zauna. Gindin akwatin yana ɗiga a kafaɗata. Haƙoranta suna kaɗawa don sanyi, amma bakin bai mutu ba.

"Ɗiya na, kun ce za ku kori tafki. Ba ku ce ɗaki na za ku kai shi ba."

Ina kuka ina dariya.

A haka maza suka dawo daga masallaci da fararen kaftani. Ba wanda ya tsaya canza kaya. Maigidana ya ɗauko diga, Bature ya fito da wani ƙarfe, suka shiga ruwan suna fasa kwaltar da suka daɓe da hannunsu. Da suka kai ga murfin nan suka ɓamɓare shi, sai ruwan ya juya ya fara zurmawa ciki da wani irin gurnani. Ashe bai mutu ba. Shekara da shekaru shi yake shanye ruwan layin gaba ɗaya ta 'yar tsagar nan, a hankali, mu kuma muka zo muka toshe masa baki. Kowa ya tsaya yana kallo. Bature ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji kamar a wurin jana'iza.

Kafin magariba ɗanta ya iso. Ya duba falon, ya duba bangon da ya sha ruwa, ya duba mu. Da ma faɗa ya yi da ya fi mana sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Thank you, everybody," ya fara haɗa mata kaya. Ya ce za ta zauna wurinsu har gidan ya bushe. Duk wanda yake wurin ya san abin da wannan yake nufi. Mun so mu hana a ɗauke ta, mu da kanmu muka buɗe mata ƙofar mota.

Zai ɗauki akwatin ya sa a but ɗin mota, sai ta ce a'a. Ta yafito ni.

"Kai shi gidan ka. Gefe ya jiƙe da ruwan hanya, ka wanke."

"Mma, ai gara ya bi ki."

Ta matse hannuna. "Ni ba ni barin kaya na inda ba ni komowa."

Watannin da suka biyo baya, ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Na wanke likkafanin a bahon wanka ina tunanin na wanke mata zamzam ɗinta da ruwan famfon Landan. Akwai 'yar jarkar zamzam da maigidana ya taho da ita daga Umra muna lallaɓawa don rashin lafiya, na juye ta gaba ɗaya a kai, na shanya a ɗakinmu na kulle ƙofa kada yara su gani su tsorata. Na ninke, na mayar, na ɗora akwatin a saman wardrobe. In na shiga ɗakin sai na ɗaga kai na kalle shi. In waya ta yi ƙara sai in ce shi ke nan, an kira a ce in kawo likkafanin.

Kullum ina kiranta. Muryarta tana ƙara ƙanƙancewa. Ta ce gidan yana da kyau, ɗumi ko'ina, amma da safe kowa ya fice sai ita da agogo. Ta ce ta fita neman wanda za ta gaisar ta yi ta tafiya ba ta ga mutum a ƙafa ba, sai motoci suna ta zagaye.

Injiniyar council ta zo, wata mata mai fara'a. Ta duba aikinmu, sannan ta ce ta gode wa Allah da ba bututun gas muka tarar ba. Aiki dai yana nan, kuɗi ma yana nan. Ba a jima ba kuma ɗanta ya sa aka zo aka kafa allon sayarwa a gaban gidan Mma. Daga tagata ina hango shi. Na koma rufe labulen, sai in kasa, in sake buɗewa.

A falonmu maƙwabta suka taru. Bature ne ya fara magana, ya ce mu muka nutsar da kafet ɗinta, don haka katangar nan ta gefe ta zama ta kowa, a raba ta gida-gida. Injiniyar ta riga ta gaya wa maigidana cewa su awo suka sani, amma ba ruwansu da aljihun da kuɗin ya fito. Mutum ɗaya ya ƙi, wani mai gidan haya da ba a layin yake zaune ba. Sauran suka yarda, har da waɗanda na san da ƙyar suke kai ƙarshen wata.

Namu kason, kuɗin tafiyata gida ne na shekarar. Na daɗe ban ga mahaifiyata ba. Na kira ta ina ta kewaye-kewaye, ta katse ni ta ce, "Wadda ta yi miki wankan jego lokacin da ni ban samu zuwa ba? Ke, ki zauna. Ina nan in Allah ya so. Ki gaishe min da ita, ki ce tana bi na bashin godiya."

Ni aka sa in gaya wa ɗan Mma, wai ni ya fi jin nauyi. Na kira shi na yi masa bayani. Ya saurara har na gama.

"Aunty, na gode. Amma ba kuɗi kaɗai ba ne. In ta faɗi a gidan nan, wa zai ɗaga ta?"

Na ce, "Ni."

A hankali ya ce, "Ku ɗin da kuka kusa nutsar da ita?"

Gaskiyarsa ce. Na ajiye waya na shiga ɗaki na zauna a ƙarƙashin akwatin nan na yi kuka mai isata. Washegari dai na gaya wa Mma abin da maƙwabta suka yanke, don kada ta ji a bakin wani. Na ce ba sadaka ba ce, ramuwar ɓarna ce. Ta ce, "To. Allah ya yi albarka."

'Yan kwangila suka zo suka fara aiki. Layin ya koma kamar gona, katafila tana tona, ƙara tun safe, kowane gida an ɗora masa katako a kan rami ya riƙa tsallakawa. Gidan Mma ya bushe, maza sun yi masa fenti, wannan karon da izini, amma allon sayarwa yana nan a tsaye.

Wata Talata da hantsi ina wanke-wanke sai na ji katafilar ta yi shiru. Na leƙa. Tasi ce ta tsaya a bakin babban titi domin ba hanyar shigowa. Ga wata tsohuwa da sanda da 'yar jaka tana gangarowa a kan katako, ma'aikata biyu sun riƙe ta hagu da dama kamar amarya. Na fita da kumfa a hannu.

"Mma! Wa ya kawo ki? Ya san kin taho?"

"Na bar masa saƙo wurin maƙwabci. Na zo duba akwati na."

"Tun daga Milton Keynes?"

"Mota ne ya yi tafiya, ba ni ba."

Ta tsaya a gaban gidanta ta ƙare wa allon kallo. Sannan ta ɗaga sanda ta yafito mai katafilar, wani ƙato ja mai zane a hannu. Da Turancinta na kasuwa ta ce masa tunda tono suke yi, ya tone mata wannan ma. Ya dube ni. Na ce gidanta ne. Ya sauko ya cire allon da hannu ɗaya ya jingine shi a jikin katanga.

Da la'asar ɗanta ya iso, fuska a murtuke. Ya ajiye mota a saman layi ya gangaro a ƙafa. Abin da ya tarar shi ne layi guda na mutane a kan katako: wannan da katifa, wannan da hita, matar Baturke da tukunyar miya, 'ya'yan 'yar Jamaika sun ɗauko kujerarta, Bature yana ba da hannu kamar ɗan sandan hanya. Ya daɗe a tsaye. Ya shiga suka rufe ƙofa shi da uwarsa. Ni kuwa na kasa tafiya na kasa zama, ina ta kai da kawowa a kan katako har wani ma'aikaci ya tambaye ni ko wani abu na yar.

Da ya fito sai ya nufo ni kai tsaye. Idonsa ya yi ja. Ya ciro makulli daga aljihu ya miƙo min.

"Aunty. Safe da yamma."

Na ce, "In sha Allahu. Har da rana."

"Kuma don Allah," ya juya wajen maigidana, "no more gayya."

An gama titi. Sumul, da fitilu, da sabon lambatu mai murfin ƙarfe a daidai inda Tafkin Chadi yake a da. An biya, kowa ya ji a jikinsa, na kuma je gida shekarar da ta biyo baya na tarar da mahaifiyata lafiya. Makullin yana nan a jikin makullaina har yau. Safe da yamma ina gangarawa, kamar yadda ta riƙa hawowa lokacin da nake jego. Ta tsufa ƙwarai yanzu, ba ta fita, amma har gobe in maigidana ya je gaishe ta sai ta tambaye shi ina sheburinsa.

Abin da na ɗauka daga ciki ba mai yawa ba ne. Na gane son mutum ba ya hana ka cutar da shi, in ka yi gaggawa. Na kuma daina raina abin da yake aikinsa a hankali ba hayaniya. Shi ya sa da an fara yayyafi ba na iya zama, sai na ɗauki tsintsiya na je na tabbata ganye bai rufe murfin nan ba. Yarana suna cewa, "Mum, it's the council's road now." Na sani. Amma ƙofar ta Mma ce.

Akwatin kuwa, tun a makon da ta dawo na ce zan mayar mata. Ta ce in bari tukuna. Bayan an gama titi na sake ɗaga maganar, na ce yanzu ai ruwa ba zai ƙara shiga ba. Ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Bar shi can, ɗiya na. Gidan ka ya fi tudu. Kuma ranar da za a buɗe shi, ai kai ne za ka buɗe."

Yana nan a saman wardrobe. Duk Juma'a nakan hau kujera in goge masa ƙura, in roƙi Allah ya sa ya daɗe a wurin.